An Gama Sikim, Yaro Bai San Ƙabli Da Ba'adi Ba

  

Ya ɗan'uwa mai karatu, akwai wata cuta da ta shiga harkar horas da malamai a ƙasarmu, ta yi kaka-gida har mun daina yi mata kallon cuta. Cutar kuwa ita ce, muna ɗaukar matashi mu ajiye shi shekara uku a kwalejin ilimi, ko huɗu a jami'a, sa'an nan mu sake shi ga 'ya'yan mutane alhali babban abin da ya ƙware a kai shi ne cika littafin shirin darasi da kyakkyawan rubutu. Ya iya jan layi, ya iya jera kanun bayanai, ya san inda ake sa kwanan wata da inda mai duba shi zai sa hannu. Amma idan ka ce masa, "Malam, ga makonni huɗu, ga yara sittin, ga babin rafkanwa a salla, tsara mana yadda za su fita daga jahilcinsa zuwa saninsa," sai ka ga ya yi tsuru-tsuru, ya soma laluben wayarsa.

Ni malamin Islamiyya ne, kuma kusan kowace shekara ana turo mana ɗalibai masu koyon malanta domin gwajin koyarwa, wato abin da suke kira TP. Galibinsu yara ne masu ladabi da son aikin, wasu ma sun fi mu zafin nama. Saboda haka raddin nan ba da su nake ba. Da waɗanda suka rene su a kan wannan turba nake: malamin kwaleji da ke zuwa duba su da jan biro, da hedimastan da ba ya tambayar komai sai "an gama sikim?", da kuma wasu 'yan'uwanmu malaman zaure da na Islamiyya da ke ganin duk maganar tsari ƙaƙale ne na 'yan boko.

Bari mu fara da rarrabe abubuwa uku da aka cakuɗa su har suka zama kamar abu guda. Na farko manhaja. (Kalmar ma yanzu 'yan waya sun ƙwace ta, in ka ce manhaja sai yaro ya zaci WhatsApp kake nufi.) A Nijeriya hukumar NERDC, wadda aka kafa a 1988, ita ke rubuta manhajar firamare da sakandare. Wanda ya taɓa buɗe kundin zai ga an tsara shi gida-gida: ga maudu'i, ga abin da ake son ɗalibi ya iya aikatawa, ga ƙunshiyar darasi, ga aikin malami da na ɗalibi, ga kayan koyarwa, ga yadda za a auna fahimta. Na biyu sikim, wato rabon maudu'an nan a kan makonnin zango, mako na ɗaya kaza, mako na biyu kaza. Na uku shirin darasi na yini guda, wanda malamai ke kira not. To, a cikin waɗanda ake turo mana, da wuya in sami wanda ya taɓa riƙe kundin manhajar darasin da zai koyar a hannunsa. Abin da ya sani sikim ne, shi ma hoto-kwafi na hoto-kwafi, wanda ba a san wanda ya fara rubuta shi ba. Sikim kuwa jerin sunaye ne kawai. Yana gaya maka "Mako na 6: Sujadar rafkanwa," amma ba ya gaya maka abin da yaro zai iya yi idan makon ya wuce, domin gidan da ke ɗauke da wannan bayani shi aka fara yankewa lokacin da ake taƙaita manhaja zuwa sikim.

Tsakanin sikim da not akwai wani mataki da aka tsallake, kuma nan ne duk aikin hankali yake. Shi ne tsara babi, abin da Larabawa masu fannin tarbiyya ke kira wahada: darussa shida ko takwas ko goma da ke tafiya zuwa ga manufa guda, kowanne yana ɗora tubali a kan na baya. Wanda bai tsara babi ba, ko da ya rubuta not ɗari, kamar mai gini ne da ke buga bulo kullum yana jibgewa a fili, bai taɓa zana ɗakin ba. Bulon na da kyau ɗaya-ɗaya, amma damina za ta same shi a waje.

Dubi not ɗin kansa. Suna, aji, kwanan wata, tsawon lokaci, matsakaicin shekarun ɗalibai, ilimin da ya gabata, manufa, gabatarwa, mataki na ɗaya, na biyu, na uku, auna fahimta, kammalawa, aikin gida. Wannan siffa tana da asali, kuma asalin ba na banza ba ne. Matakan sun samo tushe daga Bajamushen nan Herbart, wanda ya rasu a 1841, almajiransa kuma suka mayar da ra'ayinsa matakai biyar. Jimlar nan ta "a ƙarshen darasi ɗalibai za su iya kaza" ta fito ne daga Amurka, daga aikin Ralph Tyler na 1949, da rabe-raben matakan fahimta na Benjamin Bloom da abokansa a 1956, da ɗan littafin Robert Mager na 1962 kan rubuta manufa. Abin da mutanen nan suke nufi shi ne malami ya tilasta wa kansa faɗin abin da yake so ya gani a wurin ɗalibi, domin ya iya dubawa ko ya samu. Mu kuwa sai muka ɗauki kwasfar muka zubar da ƙwayar. A gidan "ilimin da ya gabata" kowa rubuta yake yi cewa ɗalibai sun riga sun san darasin makon jiya, ba tare da ya tambayi yaro ko ɗaya ba. A gidan "auna fahimta" kuma sai tambayoyi uku da aka ciro daga abin da aka rubuta a allo minti biyar da suka wuce, yara su amsa baki ɗaya da ƙarfi, malami ya ce a tafa.

Sai ranar da mai dubawa zai zo. A abin da idona ya gani, yakan iso a gaggauce domin yana da makarantu da yawa a gabansa, ya zauna a bayan aji ɗan lokaci, ya karɓi littafin not ya bi shi da jan biro. An ja layi a ƙarƙashin maudu'i? An rubuta manufa da aikatau irin wanda aka yarda da shi? An zo da kwali mai zane? Shi ke nan, maki ya samu. Ban taɓa ganin wanda ya kira yaro ɗaya ya tambaye shi abin da aka koya masa makonni uku da suka wuce ba. Ɗalibin malanta kuwa ba wawa ba ne, ya gane abin da ake aunawa, don haka shi yake shiryawa. A da yakan ari tsohon littafin wani ya kwafe, ko ya saya a shagon hoto-kwafi. Yau ChatGPT zai rubuta masa not na zango guda kafin shayinsa ya huce, da Turanci mai santsi da ya fi na mai dubawar. Idan har na'ura za ta iya cika abin da muke ba maki a kai ba tare da ta taɓa ganin fuskar yaran ajin ba, ashe abin da muke ba makin ba shi ne malanta ba.

Kada wani ya ce ƙaramin abu nake kambamawa. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 cikin kimanin 33,000 sun kasa samun maki 75 cikin ɗari a jarrabawa ta matakin aji huɗu. An yi ta jayayya a kan adalcin jarrabawar da kuma korar da ta biyo baya, kuma ba wannan ce maganata a yau ba. Tambayata ita ce: waɗanda ke riƙe da takardar NCE a cikinsu, ai kowannensu ya yi gwajin koyarwa, kuma wani ya sa hannu cewa ya ci. Me aka duba a ranar?

Yanzu bari in sauko daga zargi in nuna abin da nake nufi, da babin da kowane ɗan Islamiyya a ƙasar Hausa ya sani, wato ƙabli da ba'adi. Sikim zai ba shi mako ɗaya, wani lokaci biyu. Ɗalibin malanta zai rubuta a allo cewa ƙabli sujada biyu ce kafin sallama saboda ragi, ba'adi kuma sujada biyu ce bayan sallama saboda ƙari, idan ragi da ƙari suka haɗu ƙabli ake yi. Yara su kwafe, su haddace, su rubuta a jarrabawa, su ci. Sai ranar da ɗayansu ya ja ƙannensa salla a gida, ya miƙe tsaye a raka'a ta biyu bai zauna tahiya ba, ya rasa abin yi, ya yanke sallar ya sake sabuwa. Wannan yaron ya ci jarrabawa, sikim ya ƙare a kan lokaci, not ya sha jan biro na yabo, amma babin bai shiga ba.

Mai tsara babi daga ƙarshe yake farawa. Zai zauna ya tambayi kansa: idan na gama, me nake so yaron nan ya iya? Amsar ita ce, a kawo masa mas'alar da bai taɓa ji ba, ya faɗi ko ƙabli ce, ko ba'adi, ko babu komai, ko kuwa sujada ba za ta gyara ba sai an kawo abin da aka bari, kuma ya faɗi dalili. Da zarar ya rubuta wannan, sai tambaya ta biyu ta taso da kanta: da me zan gane ya iya? Sai ya rubuta mas'alolin jarrabawar tun kafin ya koyar da darasi na farko. Wani ya manta sura bayan Fatiha. Wani ya ƙara raka'a ta biyar a Azahar. Wani ya asirta karatu a Magariba, wani kuma ya bayyana shi a La'asar. Wani ya manta ruku'u ɗungurungum. Wani ya manta alƙunutu a Asuba. Wani ƙabli ta hau kansa bai tuna ba sai da ya yi sallama. Wani ba'adi ce a kansa bai tuna ba sai bayan kwanaki.

Duba abin da waɗannan mas'aloli za su tona masa. Yaro ba zai taɓa amsa su ba sai ya iya bambance farilla da sunna da mustahabbi a cikin salla, domin a mazhabar Malikiyya da muke karantarwa hukuncin ya rataya ne a kan wannan rabo: farilla ba a gyara ta da sujada, sunna mai ƙarfi ita ake yi wa ƙabli, mustahabbi irin alƙunutu kuwa ba a yi masa sujada. Ke nan darasin farko na babin rafkanwa gwaji ne a kan farillai da sunnonin salla, kafin a ambaci rafkanwa ko sau ɗaya. Idan ya gwada ya tarar rabin aji na lissafa tahiyar farko cikin farillai, to ya san darussa biyu na gaba nan za su tafi, ko sikim ya so ko ya ƙi. Bayan nan sai ragi shi kaɗai, da misalai har su ishe su. Sai ƙari shi kaɗai. Sai darasi guda a kan abin da ya fi rikita yara, wato me ya sa asirtawa a wurin bayyanawa ragi ne, bayyanawa a wurin asirtawa kuma ƙari ne. Sai haɗuwar biyun. Sai wanda ya manta sujadar kanta: mai ƙabli ya yi ta idan bai jima ba, idan kuwa ya jima to a duba ko sunnoni uku ya bari, domin a nan ne sallar ke ɓaci, mai ba'adi kuwa ya yi ta duk lokacin da ya tuna komai daɗewa. Sai hukuncin mamu a bayan liman. A ƙarshe a fita tsakar makaranta a shimfiɗa tabarma, wani ya yi limanci ya yi kuskure da gangan, sauran su faɗi gyara. Darussa tara ko goma ke nan, kuma kowanne ya san dalilin zamansa a inda yake. Idan aka yi haka, rubuta not na kowace rana aikin minti goma ne, domin tunanin an riga an yi shi.

Turawa sun ba wannan hanya suna. Grant Wiggins da Jay McTighe sun fitar da littafi a kanta a 1998, suna kiranta tsarawa daga ƙarshe zuwa farko, kuma ana karantar da ita a kwasa-kwasan manhaja. Wasu daga cikin ɗaliban da ake turo mana sun ma rubuta sunanta a jarrabawa sun ci. Ba a dai taɓa sa su yi ta da hannunsu a kan babi guda na gaske ba.

A nan ne ɗan'uwana malamin zaure zai gyara zama ya ce, "Ka ji irinta! Mu da muka yi karatu a gaban malamai, wa ya taɓa rubuta mana manufa? Albarka ce ke koyarwa, duk wannan tsare-tsare na Nasara ne." Allah Ya gafarta Malam, albarka gaskiya ce, amma maganar cewa magabata ba su da tsari ƙage ne a kansu. Wa ya taɓa ganin an fara wa yaro da Muhtasar? Ahalari ake fara masa, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala, sai Askari, kafin ya tunkari Muhtasar Halil. A nahawu Ajurumiyya ce a gaba, Alfiyyar Ibn Malik a can ƙarshe. Kuma babin rafkanwar nan da muke magana yana dawowa a littafi bayan littafi, kowane zuwa da faɗi da zurfi fiye da na baya. In wannan ba manhaja ba ce, mece ce? Malam Abdullahi na Gwandu ya rubuta Ida'un Nusukhi, inda ya jera malaman da ya yi karatu a wurinsu da littattafan da ya karanta, wanda duk ya duba zai ga karatu ne mai hawa-hawa. Zarnuji, mai Ta'alimul Muta'allim da muke karantawa a zaurukanmu, ya keɓe fasali guda a kan fara darasi da gwargwadonsa da jerinsa, har ya kawo cewa a ba mai farawa abin da zai iya riƙewa da maimaitawa biyu, sa'an nan a riƙa ƙara masa kaɗan-kaɗan. Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya yi bayani a Muƙaddima cewa fanni sau uku ake bin sa: zagayen farko a ba ɗalibi tushen mas'alolin kowane babi a taƙaice, na biyu a faɗaɗa a shigo da saɓani, na uku kada a bar wani ƙulli ba a kwance ba. Ya kuma yi gargaɗi a kan cakuɗa wa ɗalibi fannoni biyu lokaci guda, da barin tazara mai tsawo tsakanin darasi da darasi, da yawan taƙaitattun littattafai da ke cushe ma'ana mai yawa cikin lafazi kaɗan. Da Ibn Khaldun zai ga sikim ɗinmu, mako guda ga babin rafkanwa, da ya gane cutar tun daga nesa.

Abin da ya bambanta shi ne, malamin zaure yana da hanyar aunawa wadda ba ta buƙatar takarda. Ɗalibi ɗaya ne a gabansa, ya biya, in bai iya ba a ce ya koma, ba zai wuce shafi ba sai ya riƙe na baya. Mu da muka ɗauko tsarin aji, da ƙararrawa, da zango, da ƙarin aji a ƙarshen shekara, mun rasa wannan kariya. Yaro na iya zama a bayan aji shekara shida ba a taɓa jin muryarsa shi kaɗai ba. Wanda ya karɓi aji da benci daga boko, ya kuma ƙi karɓar tsarin da ke sa aji ya yi aiki, ya saki na zaure bai kama na boko ba. Kuma manyanmu ba su ji kunyar koyon wannan fanni ba. Makarantar Koyon Larabci ta Kano, wadda aka buɗe a 1934 a matsayin makarantar shari'a, da malamai 'yan Sudan ta fara. A shekarun 1950 an tura ɗalibai daga Arewa, cikinsu har da Shaikh Abubakar Mahmud Gumi, Allah Ya jiƙansa, zuwa cibiyar horas da malamai ta Bahtar Ruda a Sudan, wadda ta yi suna wajen tsara manhaja da gwada darussa a kan yara na gaske kafin a buga su a littafi.

Hedimasta kuma uzurinsa daban ne. Zai ce jami'an duba makarantu sikim suke dubawa, jarrabawa kuma daga dukkan sikim ake fitar da ita, don haka gara a taɓa kowane maudu'i ko da sama-sama ne. To mu yi lissafi. Zango mako goma sha biyu ne ko sha uku. Cire makon dawowa da ake shara da jiran yara, cire hutun tsakiya, cire makon bita da na jarrabawa, cire ranar da aka yi ruwa da ranar da aka yi rasuwa a unguwa. Abin da ya rage bai fi mako tara ba, darasi kuma minti talatin da biyar ne ko arba'in. Sikim ɗin da aka rubuta kamar duk makonnin nan cikakku ne, tun ranar da aka rubuta shi ƙarya yake yi. Dole wani abu ya faɗi. Tambayar kawai ita ce, malami ne zai zaɓi abin da zai faɗi da saninsa, ko kuwa zai bar kome ya faɗi rabi-rabi? Mai tsara babi ya san wane maudu'i ne ginshiƙi da wane ne ado, saboda haka idan lokaci ya ƙure ya san abin da zai sadaukar. Mai bin sikim ido rufe kuwa duk ɗaya ne a wurinsa, farillan alwala da sunayen watannin Musulunci mako ɗai-ɗai ne.

Wani abin da ke ƙara nauyin maganar shi ne manhajar kanta ba ta zama wuri ɗaya. An shigo da manhajar ilimin bai-ɗaya ta shekara tara a 2008. An sake mata fasali, sabon ya soma aiki a 2014, inda aka cusa darasin addinin Musulunci da na Kirista a ƙarƙashin inuwa guda tare da wasu darussa, har sai da aka yi ta ƙorafi aka ba da umarnin raba su a 2017. A 2025 gwamnatin tarayya ta sake sanar da sabuwar manhaja da rage yawan darussa. A 2022 an amince da koyarwa da harshen uwa a firamare, a Nuwamban 2025 kuma Ministan Ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke wannan, aka koma Turanci. Malamin da abin da ya iya kawai kwafar not ne, duk lokacin da aka juya manhaja sai ya zauna jiran wani ya rubuta sabo ya saya. Wanda ya iya karanta manufa a kundi ya gina babi a kanta kuwa, ko sau goma aka juya, aikinsa bai tsaya ba. Mu a Islamiyya ma abin ya fi cakuɗewa: littafi da Larabci, bayani da Hausa, not da Turanci domin mai dubawa. Harsuna uku a darasi guda, kuma wanda aka fi wahala a kansa shi ne wanda yaro ba zai taɓa gani ba. Makarantun da ke bin manhajar hukumar NBAIS aƙalla suna da kundi da za su koma gare shi. Islamiyyun yamma da na dare da yawa kuwa manhajarsu ita ce duk littafin da malamin ajin ya fi so, in ya bar makarantar manhajar ta bi shi.

Uzuri ɗaya ne nake ganin yana da nauyi, shi ne na yawan yara da ƙarancin albashi. Malamin da ke da yara tamanin a aji, wanda abin da ake ba shi a wata ba ya kai shi tsakiyar wata, yaushe zai zauna tsara babi? Wannan gaskiya ce mai ɗaci, kuma alhakinta na wuyan masu makarantu da hukumomi da mu iyaye da ke jin kuɗin Islamiyya ya fi kowane kuɗi ciwo. Sai dai a lura, malamin nan yanzu haka yana kashe dare yana kwafar not shafi uku-uku da ba ya amfanar kowa. Ni ragi nake nema masa. A karɓi tsarin babi na shafi biyu a wurinsa sau ɗaya a wata, a yafe masa dogon not na kullum, ya riƙa rubuta layi biyar: abin da zan yi yau, abin da zan tambaya, su wa suka kasa jiya. Babin da aka tsara da kyau kuma ba ya tsufa, malamai uku na iya zama ranar Alhamis da babu karatu su tsara shi tare, a ajiye a ofis, wanda ya zo baɗi ya gyara ya ɗora.

Ga malaman kwalejoji da jami'o'i masu zuwa duba ɗalibansu, ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar kasafin kuɗi ko sabuwar doka. Kafin ɗalibinku ya fita gwajin koyarwa, ku sa kundin manhajar darasinsa a hannunsa, ya zaɓi babi guda, ya rubuta jarrabawar ƙarshen babin, sa'an nan ya jera darussan da za su kai yara can, ya kare jerin a gabanku kamar yadda yake kare kundin bincikensa. Ranar da kuka zo makaranta kuma, ku ajiye littafin not a gefe tukuna. Ku buɗe rajista ku zaɓi yara biyar da kanku, biyu daga ciki 'yan bencin baya, ku fita da su ƙarƙashin bishiya. In babin rafkanwa aka yi, ku ce wa ta farko: "Kin yi sallar Isha'i, kin zauna tahiyar ƙarshe, sai kika tuna ba ki karanta sura a raka'ar farko ba, me za ki yi?" In ta ce ƙabli, ku tambaye ta don me. Ku ce wa na biyu: "Kai kuma ruku'u ka manta." Makin ɗalibinku ku ciro shi daga amsoshin nan biyar, sa'an nan ku buɗe littafin ku duba ko ya ja layi.